Ƙwayar Barci Da 'Ya'yanmu Masu Raunin Fahimta

A gidajenmu na Nyanshegu akwai yara, har da manya, masu raunin fahimta waɗanda barcin dare yake gagara. Su tashi, su yi ta kuka, su buga ƙofa, ga uwa kuma da asuba za ta kasuwar Aboabo. Sai a aika shagon magani a sayo Valium ko Phenergan. Gajiyar uwa kam mun san ta, amma wannan hanya tana da haɗari.

Shi Valium, wato diazepam, likitoci ba sa son a wuce mako 4 ana shansa, domin jiki yana sabawa, kuma a yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya. Wanda yake minshari yana shaƙewa cikin barci, abin da ya yi yawa ga masu larurar Down, ƙwayar tana ƙara danne masa numfashi.

Sau da yawa akwai abin da ya hana barcin. Wanda bakinsa bai buɗe ba yaya zai ce haƙori ne, ko ciki ya ɗaure, ko sauro da zafin watan Maris? Wani ma farfaɗiya ce take zo masa cikin dare.

Jama'a, mu rubuta lokacin kwanciya da na tashi har mako 2, mu kai Asibitin Koyarwa na Tamale tare da duk maganin da yake sha, har na gargajiya. A hana goro da shayi bayan la'asar, a rage barcin rana. Mai shan phenobarbitone saboda farfaɗiya kuwa, kada a tsayar masa sai likita ya ce.