Yaran Kamaishi da ba su jira umarni ba

Yaron da ya tashi a Tudun Kaya bai san ƙasa tana motsi ba, in ban da labarin da ya iso daga Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, lokacin da katangun gidaje suka tsattsage. A Kamaishi kuwa, garin masunta da masana'antar ƙarfe a arewa maso gabashin Japan, a aji ake koya wa yara gudu. Farfesa Toshitaka Katada na Jami'ar Gunma ya yi shekaru yana nanata musu cewa kada su dogara da taswirar hukuma ta wuraren da ruwan teku zai iya kaiwa, kuma kada su ji kunyar zama na farkon arcewa.

Ranar Juma'a, 11 ga Maris 2011, ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta auku. Wuta ta ɗauke, lasifikar ƙaramar sakandaren Kamaishi Higashi ta yi shiru. Ɗaliban, 'yan shekara 13 zuwa 15, suka zuba a guje suna ihun ruwan teku na tafe. 'Yan firamaren Unosumai da ke maƙwabtaka da su sun riga sun hau bene na uku. Da suka hango yayyensu na gudu, sai suka sauko suka bi su.

Sun isa gidan kula da tsofaffi da aka ware don fakewa, sai ga gefen dutsen bayansa yana zaftarewa. Suka ƙara gaba, manya riƙe da hannun ƙanana. Ba su daɗe da barin wurin ba ruwa ya cim masa. Daga baya an iske mota a maƙale a benen nan na uku na firamaren. Yara wajen 570 suka tsira.

Jaridu suka yi ta kiran abin mu'ujiza. To, amma da dare ya yi, aka kwashe yaran a manyan motoci zuwa zauren wasannin wata tsohuwar makaranta, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, suna jiran iyaye su zo. Wasu iyayen ba su zo ba har abada. Sama da mutum 1,000 garin ya rasa. Yaro ana tafa masa a talabijin a matsayin jarumi, shi kuwa ga maraici, ga tunanin maƙwabcin da bai tsaya ya ɗauko ba. A ganina wannan yabon kaya ne aka ɗora wa yara, kuma hukumar garin ta kyauta da ta rage amfani da kalmar bayan masu makoki sun koka.

Karatu ya ci gaba a aron azuzuwa, sannan a ginin wucin gadi, har 2017 da aka buɗe sabuwar makaranta a kan tudu. A tsohon filin makarantun aka gina filin wasan rugby, inda Uruguay ta doke Fiji da 30 da 27 a gasar cin kofin duniya ta 2019. A shekarar ce aka buɗe gidan tarihin bala'in a unguwar Unosumai, kuma cikin masu karɓar baƙi har da waɗanda suka yi gudun nan suna 'yan makaranta. Sukan fita da baƙi su bi hanyar da ƙafa, suna nuna musu inda aka tsaya da inda aka ce a ƙara gaba.