Ƙyalli ko ƙarko: abin da ya kamata a sani kafin a shafa wa pave ruwan kariya a Ƙonni, Malbaza da Illela

A wani gida da ke Birnin Ƙonni, an shimfiɗa pave ja da ruwan toka a tsakar gida ana saura 'yan makonni damina ta faɗi. Ɗan gidan da ke ci-rani a Abijan ne ya turo kuɗin aikin, haɗe da hoton wata farfajiya mai ɗaukar ido, ya ce irinta yake so a yi wa mahaifiyarsa. Magini ya gama shimfiɗa, bayan kwana huɗu ya bi daɓen da ruwan kariya mai sheƙi, aka ɗauki hoto aka tura ta WhatsApp, kowa ya yaba.

Kafin ƙarshen watan Agusta daɓen ya sauya kama. Wani farin hazo ya fito a ƙarƙashin ƙyallin, wasu wurare suka fara saɓulewa kamar fatar albasa, kuma duk ranar da aka yi ruwa sai uwar gidan ta dafa bango kafin ta kai wurin alwala saboda santsi.

Irin wannan asara ba baƙuwa ba ce ga masu gini a jihar Tawa, inda kuɗin 'yan ci-rani ke gina gidaje da yawa, alhali masu kuɗin na can nesa ba sa ganin yadda aikin ke tafiya.

Me ya sa batun ya taso yanzu?

Ambaliyar daminar 2024 ta rushe dubban gidaje a Nijar, lamarin da ya sa hukumomi suka rage farashin siminti a watan Oktoban shekarar. Ga yankin da ke da kamfanin siminti a Malbaza tun shekarun 1960, kuma yake dab da iyakar Najeriya inda kayan gini ke shigowa daga Sakkwato, daɓe tsakar gida da pave, wanda a tsallaken iyaka ake kira intalok, hanya ce ta rabuwa da taɓon damina da ƙurar rani.

Sai dai da yawa daga cikin masu turo kuɗin suna zaune ne a Abijan, Akara, Lome, Kwatano ko Legas, biranen gaɓar teku masu laima kusan duk shekara. Abin da suka gani a can shi suke so a gida, amma yanayin ba ɗaya ba ne. Ruwan saman da Ƙonni ke samu a shekara bai wuce milimita 500 da wani abu ba, yayin da na Abijan ya ninka haka sau uku ko fiye. To amma na Ƙonni yana zuba ne cikin watanni kusan huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta. Bayan nan sai ƙurar hunturu, sannan zafin bazara da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Ke nan daɓe a nan yana fama da abubuwa uku: danshi mai yawa na ɗan lokaci, ƙura, da rana mai ƙuna.

Daga ina farin ke fitowa?

Pave haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa, kuma ko da ya yi ƙarfi kamar dutse, jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na shiga ta sama idan an yi ruwan sama, yana kuma tasowa ta ƙasa idan ƙasar ta jiƙe.

Idan ruwan ya ratsa, yakan narkar da wani sinadari mai kama da farar ƙasa da ke cikin siminti ya fito da shi waje. Da ya haɗu da iska sai ya bushe ya zama farin gari kamar kanwa. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, kuma a sabon pave yakan ragu da kansa bayan 'yan watanni. Matsalar na zuwa ne idan aka rufe saman da abin da ba ya barin danshi ya fita. Daga nan farin da ruwan duk sun maƙale a ƙasa, sai ƙyallin ya dushe ya fara ɓarewa.

Wurin da gida yake ma yana da tasiri. Gidajen da ke kan ƙasar laka a kwarin Maggiya, wanda ya ratsa yankunan Malbaza da Ƙonni, ƙasarsu na riƙe ruwa har bayan ɗaukewar damina. Waɗanda ke kan tudu mai marmara da duwatsu, kamar wurare da dama a yankin Illela, sun fi saurin tsanewa.

Iri biyu ne a kasuwa

Duk da yawan sunaye da gwangwanaye, ruwan kariya ya kasu gida biyu.

Na farko shi ne mai nutsewa cikin pave. Ba ya barin komai a sama, ba ya sauya launi sosai, ba ya ƙyalli. Yana shiga ƙofofin ne ya sa su daina tsotsar ruwa, amma tururin danshin da ke ƙasa na iya fita. Galibi ana yin sa da sinadaran silan da silokzan. A gwangwanin da aka rubuta da Faransanci za a ga kalmomi kamar hydrofuge ko imprégnation. Da yake yana cikin jikin pave ne, rana da tafiya ba sa cinye shi da wuri, yakan yi shekaru kafin a sake. Rauninsa shi ne ba kowanne ke hana tabon mai ba, sai wanda aka rubuta masa oléofuge.

Na biyu shi ne mai yin fata a sama, wanda mafi yawansa akirilik ne ko foliyuretan. Shi ne ke fito da launi ya sa daɓe ya yi kamar an watsa masa ruwa, abin da ake rubutawa effet mouillé. Yana kare tabo, yana kuma taimakawa wajen riƙe yashin da ke tsakanin pave. Amma yana tare danshi, yana santsi idan ya jiƙe, kuma akirilik kan buƙaci sabuntawa duk bayan shekara ɗaya zuwa uku, musamman inda rana ke dukansa kai tsaye kuma takalma na goga masa rairayi.

Akwai kuma efoksi, wanda aka fi yi don cikin ɗaki da gareji. A fili rana na mayar da shi rawaya. Banish na katako da wasu ke shafawa don arha shi ma ba a yi shi don siminti ba. Baƙin man inji kuwa tabo ne da ba ya fita, ga shi yana bin ruwa ya gurɓata ƙasa da rijiya.

Wannan tunani na kare daɓe ba tare da toshe shi ba, ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can mata kan daɓe ɗaki da tsakuwa, su yayyafa masa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke nutsewa ya ƙara wa daɓen ƙarfi. Ruwan kariya mai nutsewa ya fi kusa da wannan dabara.

Mai sheƙi, matsakaici ko marar ƙyalli?

Bayan zaɓen iri sai zaɓen kama. A gwangwani akan ga mat ga marar ƙyalli, satiné ga matsakaici, brillant ga mai sheƙi sosai.

Tsakar gida a Ƙonni ba farfajiyar otal ba ce. A nan ake alwala, a nan ake wanki da wanke-wanke, yara na guje-guje, tsofaffi na fita da asuba. Duk inda ruwa ke zuba kullum, marar ƙyalli ya fi aminci. Mai sheƙi kuma yana tona kowace ƙura da kowane ƙarce, don haka da hunturu sai an yi ta shara da goge-goge, ga hasken rana da yake mayarwa ido da tsakar rana.

Wanda ya matsu da son launi ya fito zai iya amfani da matsakaici a ƙarƙashin rumfa ko baranda inda ruwan sama ba ya kaiwa, a kuma gauraya masa garin hana santsi da ake sayarwa don haka. A inuwar bishiya da bayan banɗaki, inda gansakuka ke fitowa da damina, mai nutsewa ne ya dace, domin gansakuka a kan fata mai sheƙi santsi ne kan santsi.

Lokacin shafawa

Ko an sayi mafi tsada, kuskuren lokaci na iya ɓata shi. Siminti na buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma masu yin ruwan kariya da dama na ba da shawarar a jira wata biyu zuwa uku bayan shimfiɗa pave domin farin ya gama fitowa.

Da damina pave ba ya bushewa sosai. Da bazara kuma saman daɓe na yin zafin da ya wuce abin da yawancin gwangwanaye suka yarda da shi, wanda bai cika wuce digiri 30 zuwa 32 ba, sai ruwan ya bushe kafin ya shiga, ya bar kumfa da zane-zane. A tsakiyar hunturu ƙura ce ke manne masa tun bai bushe ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, da sassafe ko da la'asar sakaliya, a ranar da babu iska.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko dala. Na farko, a yanko leda mai faɗin kamu biyu, a manne gefenta huɗu da salatif a kan daɓen, a bar ta ta kwana. Idan da safe aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, akwai sauran danshi, sai a dakata. Na biyu, a ɗiga ruwa a kan pave. Idan ya shanye nan take, zai karɓi ruwan kariya. Idan ya tsaya dunƙule, to akwai wani abu da aka taɓa shafawa, kuma ɗora sabo a kai na iya jawo ɓarewa.

Kafin shafawa a wanke daɓen da buroshi mai ƙarfi, a bar shi ya bushe sarai, a cike tsakanin pave da busasshen yashi. Kada a wanke farin da ruwan batir, yana cin launi yana kuma ƙona hannu. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Irin da ake haɗawa da tinna yana kama wuta, sai a nisanta shi da murhu da taba sigari.

Tambayoyi ga mai turo kuɗi

Ruwan kariya ba ya gyara aikin da aka ɓata tun daga tushe. Idan ba a daddage ƙasa ba, ko ba a ba daɓen gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita zuwa magudanar ruwa ba, ruwa zai kwanta, pave zai lotsa, duk abin da aka shafa a sama kuwa asara ne.

Saboda haka kafin ɗan ci-rani ya tura kuɗin shafi, yana da kyau ya nemi hoton gwangwanin gaba da baya don ya karanta da kansa, ya tambayi ranar da aka gama shimfiɗa pave, ya nemi bidiyon inda ruwa ke bi idan an zuba bokiti guda, sannan ya sa a gwada a wani lungu mai faɗin mita ɗaya a jira mako guda. Ya kuma tambayi lita nawa za a saya, a kwatanta da faɗin da aka rubuta cewa lita ɗaya na rufewa, domin tsarma shi da ruwa ko fetur don ya yi auki na rage masa ƙarfi.

Haka kuma ba dole ba ne a shafa. Pave da aka buga da isasshen siminti, aka shayar da shi ruwa yadda ya kamata, aka shimfiɗa da gangara, zai iya yin shekaru ba tare da komai a kansa ba.

A gidan na Ƙonni, yanzu jira ake ƙasa ta bushe a kankare tsohon shafin, aikin da ke buƙatar sinadarin cirewa da ƙwadago na kwanaki. Kafin lokacin, an shimfiɗa tsofaffin buhuna daga ƙofar ɗakin uwar gidan zuwa wurin alwala.