Narkakken gishiri: batirin da ke ba Maroko wutar rana bayan magariba

Duk mai amfani da sola ya san matsalarta: da zarar rana ta faɗi, sai dogaro da batir. A tashar Noor III da ke kusa da birnin Warzazat a ƙasar Maroko, gishiri ne ke yin aikin batirin.

Tashar ta fara aiki a 2018, kuma tana iya samar da megawat 150. Kwamfuta ce ke juya madubai fiye da 7,000 suna bin rana, suna haska ƙololuwar wata hasumiya da tsawonta ya haura mita 240. A can sama ake zafafa narkakken gishiri daga digiri 290 zuwa 565 a ma'aunin Salshiyas, sannan ya gangaro cikin wani ƙaton tanki mai riƙe zafi. Idan dare ya yi, zafinsa ke tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da lantarki har na tsawon sa'o'i bakwai da rabi.

Wannan ba gishirin miya ba ne. Haɗi ne na sinadarin sodiyam naitiret kashi 60 da fotasiyam naitiret kashi 40, irin waɗanda ake sakawa a takin zamani.

Babban aikin ma'aikatan tashar shi ne hana gishirin hucewa. Idan zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 240, zai fara daskarewa ya toshe bututu. Shi ya sa ake naɗe bututun da wayoyin ɗumama. Kullum da yamma ana sauke gishirin daga hasumiyar, da safe kuma sai an ɗumama bututun da madubai kafin a sake turo shi. Ga sa ido kan gajimare, ga kuma wanke madubai, domin ƙura na rage hasken da ke isa sama.

Matsala ƙarama na iya jawo babbar asara. A 2024 tankin gishirin mai zafi ya fara yoyo, lamarin da ya tsayar da tashar fiye da shekara guda. Kamfanin ACWA Power ya ƙiyasta asarar da dala miliyan 47.

Yanzu da farashin faifan sola da batirin litiyam ke ƙara sauka, makomar irin waɗannan tashoshi ta rataya ne a kan tankin da ba zai yi yoyo ba.