Kafin a shimfiɗa tayil

Idan tayil ya tsage ko ya ɗago a tsakiyar falo, mai gida yakan ce jabu aka sayar masa. Galibi laifin yana ƙarƙashi. Tayil gasasshen yumɓu ne, ba ya lanƙwasa, don haka duk motsin da daɓen ƙasansa ya yi, a jikinsa yake fitowa.

Tun daga ciko ake gyara ko a ɓata. Jar ƙasar da aka zuba cikin ɗaki sai an bi ta kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana dannewa. Wadda aka juye gaba ɗaya za ta zauna bayan damina ɗaya ko biyu, ta bar rami. A kan cikon ake shimfiɗa leda mai kauri don tare damshi, sannan a zuba kankare.

Daga nan sai haƙuri, abin da ya fi siminti tsada a wurin mai shirin tarewa. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma yana tsukewa yayin bushewa. Ƙa'idar gini ta Ingila ta nemi a jira aƙalla mako 6 kafin a ɗora masa tayil. Mu kuwa, biki ya matso, sai a ce wa magini ya gama kafin Juma'a. Da hunturu abin ya fi muni: iska na shanye ruwan da ke saman kankaren da wuri, sai an riƙa ba shi ruwa har mako guda.

Shimfiɗar da ke tsakanin kankare da tayil ita ke daidaita ɗaki. Yawanci awo 1 na siminti ake haɗawa da awo 4 na yashi mai tsabta, bayan an share ƙura da ɓurɓushin filasta. Don gane ko ta daidaita, a ɗora mata miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2. Gibin da ya wuce milimita 3 yana buƙatar gyara, musamman ga manyan tayil. A banɗaki dole shimfiɗar ta karkata zuwa magudana. A Amurka, inda daɓen gidaje da yawa na katako ne, allon siminti ko shimfiɗar roba suke sawa a wannan gurbi.

A bar ɗan gibi a jikin bango, domin tayil na buɗewa da zafi. Kafin a biya mai aiki cikon kuɗinsa, a bi ɗakin ana ƙwanƙwasawa da mukulli. Duk tayil ɗin da ya yi ƙarar holoƙo, a sa ya cire shi ya sake.