Daga Guangzhou Zuwa Amurka: Abin da Jikin 'Yar Riƙo Ke Fuskanta a Sararin Sama

A shekarun 1990 da farkon na 2000, duk wanda ya sauka a otal ɗin White Swan da ke tsibirin Shamian, a birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, ba zai rasa ganin wani abu ba: baƙi maza da mata, kowa rungume da jaririya, ana jera yaran a kan wata jar kujera ana ɗaukarsu hoto, galibinsu suna tsala kuka. Amurkawa ne da suka zo karɓar 'ya'yan riƙo daga gidajen marayu. Tilas ne kowannensu ya biyo ta Guangzhou, domin ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na wannan birni shi ke ba irin waɗannan yara biza. Wannan riƙo ya sha bamban da wanda aka sani a ƙasar Hausa, inda goggo ko kaka kan ɗauki ɗan dangi ya tashi yana sane da iyayensa. A nan ana sauya wa yaro suna da ƙasa da harshe baki ɗaya.

Ƙasar Sin ta buɗe wannan ƙofa da dokar riƙo ta 1992, a zamanin da ake takura wa iyali su tsaya a kan ɗa guda, shi ya sa mafi yawan yaran farko mata ne. A shekarar 2005 kaɗai, kimanin yara 7,900 suka tafi Amurka, kuma jimillar waɗanda aka kai ƙasashen waje ta haura 160,000 kafin hukuma ta rufe ƙofar a 2024. Iyayen kan karɓi yarinya a ofishin gwamnatin lardinta, su yi kamar mako biyu suna haɗa takardu, sa'an nan su hau jirgi na wajen awa 13 zuwa Los Angeles, wasu kuma su ƙara wani jirgin. Su dai gida suka nufa. Ita kuwa yarinyar, mai shekara ɗaya ko kusa da haka, tana barin duk wani wari da murya da ɗanɗano da ta taɓa sani, a hannun mutanen da ba ta fi kwana 14 da fara ganinsu ba.

Kunne da iska

Jirgin nesa yana tafiya ne a tsayin da ya kai mita 10,000 ko fiye, inda iska ta yi ƙarancin da mutum ba zai rayu ba. Saboda haka ake cusa iska a cikin jirgin, amma ba a kai ta ga matsin da ke doron ƙasa. Ƙa'ida ita ce kada yanayin ciki ya wuce na tsayin mita 2,400, watau kusan ƙwanƙolin dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, mai mita 2,419. A wannan tsayi, matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tun a 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan matsi ya ragu iska takan kumbura, idan ya ƙaru ta tsuke. Haka kuwa yake faruwa ga duk iskar da ke kulle a cikin jiki, ta hanji da ta kunne.

A bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, wanda wata siririyar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. Ana kiranta da sunan Bartolomeo Eustachi, wani likitan Italiya na ƙarni na 16. Idan jirgi yana hawa, iskar ɗakin takan kumbura ta tura kanta waje ba tare da wahala ba. Saukowa ce matsala. A lokacin iskar ciki ta tsuke, ta waje tana danna dodon kunne, hanyar kuma ba ta buɗewa sai an haɗiyi wani abu ko an yi hamma. Hanyar yaro gajera ce, siririya, kuma a kwance take, don haka ɗan mura kaɗan ya isa ya toshe ta. Mura da ciwon kunne kuwa ba baƙi ba ne a ɗakin da jarirai da yawa ke kwana tare. Bugu da ƙari, a shekarun baya-bayan shirin, yawancin yaran da ake bayarwa masu wata lalura ne, kuma da yawa daga cikinsu an haife su da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa. Tsokar da ke buɗe hanyar kunnen a ganɗa take maƙale. Idan ganɗa ta tsage, tsokar ba ta aiki sosai. Wannan ne dalilin da likitoci ke cewa a tashi yaro daga barci kamar rabin awa kafin sauka, a ba shi kwalbar madara ya yi ta tsotsa, domin mai barci bai cika haɗiya ba.

Raguwar matsi tana kuma rage iskar oksijin da ke shiga jini. Lafiyayyen yaro ba ya jin komai, amma wanda aka haifa da ciwon zuciya sai likita ya duba shi kafin tafiya. Iskar jirgin busasshiya ce ƙwarai, danshinta yakan gaza kashi 20 cikin ɗari, kamar ta tsakiyar hunturu a Kano, saboda haka ana yawaita ba yaro abin sha. Akwai iyayen da kan ɗura wa yaro maganin mura mai sa barci don a samu lafiya. Likitocin yara ba su yarda da wannan ba, kuma wani yaron maimakon ya yi barci sai ya ƙara birkicewa.

Abin da ido ba ya gani

A watan Afrilu na 2004, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanar da ɓullar ƙyanda a tsakanin wasu yara da aka kawo daga lardin Hunan, har ta sa aka dakatar da ɗaukar riƙo daga wani gidan marayu na garin Zhuzhou na ɗan lokaci. An yi irin wannan a 2001, shekara guda bayan an ayyana cewa Amurka ta kawar da cutar. Yadda abin ke wucewa ta hannun likita ba shi da wuyar ganewa. Ƙwayar ƙyanda takan yi kwana 10 zuwa 12 a jiki kafin zazzaɓi ya fara, kuma yaro yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. Ke nan ana iya auna yarinya a Guangzhou a same ta garau, ta fara tari a tsakiyar teku. Ƙwayar tana iya zama a iska har awa biyu, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka kusanci mai ita, tara kan kamu. Shi ya sa ake neman iyayen su ma su kammala nasu rigakafin kafin su tashi, har da na ciwon hanta.

Sai kuma agogon jiki. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 da ke bin hasken rana, yana tsara lokacin barci da yunwa da fitar sinadarin melatonin. Tsakanin Guangzhou da New York akwai tazarar awa 12 ko 13, watau dare ya koma rana ƙiri-ƙiri. Agogon kuwa ba ya gyaruwa da fiye da kamar awa ɗaya a kwana, saboda haka yarinya na iya wuce mako tana farkawa da ƙarfe biyun dare tana neman abinci. Maganin ba ya wuce fita da ita cikin hasken rana da rage fitila da dare.

Yarinyar da ba ta kuka

Fasinjoji kan yaba wa jaririyar da ta yi shiru tun daga tashi har sauka. Masana halayyar yara ba su cika murna da irin wannan shiru ba. A farkon shekarun 1950, John Bowlby da James Robertson na Ingila sun lura da ƙananan yara da aka raba da iyayensu a asibiti, suka ga matakai uku: da farko yaro ya yi ta kuka da bore, daga nan ya yanke ƙauna ya yi tsit, a ƙarshe ya nuna kamar bai damu da kowa ba. Ma'aikatan asibitin kan ɗauki mataki na biyu a matsayin yaro ya saba, alhali baƙin ciki ne. 'Yar riƙo ma an raba ta da mai renonta, a daidai shekarun da tsoron baƙo ya fi ƙarfi. Wata takan ƙi cin abinci, wata ta manne wa ɗaya daga cikin iyayen ta ƙi yarda ɗayan ya taɓa ta, wata kuma ta riƙa jijjiga jikinta gaba da baya, yadda ta saba lallashin kanta a gadon gidan marayu.

Binciken Megan Gunnar ta Jami'ar Minnesota ya nuna cewa kasancewar babban da yaro ya amince da shi yana hana sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa a halin firgici, hauhawa. Wannan garkuwa ce yarinyar ba ta da ita a cikin jirgi, domin amincewa ba ta ginuwa a mako biyu. Abin da ya rage wa iyayen shi ne su rage yawan sabon abu. Kada su yi gaggawar wanke rigar da ta zo da ita, ko da ta tsufa, don tana ɗauke da warin da ta sani. Su riƙe irin madarar da ta saba sha, da ɗuminta, da kunun shinkafar da ake ba ta, su bar sauyin abinci sai an isa. Su kuma goya ta a ƙirji, kada su riƙa miƙa ta hannu-hannu, ko da dangi sun cika filin jirgi da murna.

A filin jirgin farko da suka sauka, iyayen kan miƙa wa jami'in shige da fice wata rufaffiyar ambulan da ofishin jakadanci ya ba su. A ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a watan Fabrairu na 2001, yawancin waɗannan yara kan zama 'yan ƙasar Amurka daga wannan lokaci. Cikin 'yan watanni Sinanci yakan ɓace daga bakinsu. Sai dai a 2014, Lara Pierce da abokan aikinta na Jami'ar McGill a Kanada sun auna ƙwaƙwalwar wasu 'yan mata masu shekara 9 zuwa 17, waɗanda aka ɗauko daga Sin suna da kimanin shekara ɗaya, suka tashi ba su jin komai sai Faransanci. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, inda hawa da saukar murya ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Da aka sa musu sautukan Sinanci, sai ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsu, mai kula da harshe, ya motsa daidai da na 'yan matan da ba su taɓa daina jin Sinanci ba. Na 'yan matan da aka haifa cikin Faransanci bai yi haka ba.