Sao Paulo: Birnin Da Ya Faro Daga Makarantar Mishan

In aka tambayi ɗalibi wane birni ne ya fi yawan masu magana da harshen Fotugal, sau da yawa yakan ce Lisbon. Amsar kuwa ita ce Sao Paulo, a kudu maso gabashin ƙasar Barazil, cikin nahiyar Amurka ta Kudu. Ƙidayar 2022 ta sami mutum fiye da miliyan 11 a cikin birnin, in kuma aka haɗa da garuruwan da ke manne da shi, sun haura miliyan 20.

Asalin birnin abin sha'awa ne gare mu. Ran 25 ga Janairu, 1554, waɗansu limaman Katolika, cikinsu har da José de Anchieta, suka buɗe 'yar makaranta a kan tudu domin koya wa mutanen ƙasar karatu da addini. Ranar ta zo daidai da ranar tunawa da tubar Manzo Bulus, shi ya sa aka raɗa wa wurin sunansa da harshen Fotugal.

Birnin yana kan jigawa mai tsawon kimanin mita 760 daga bakin teku, don haka zafinsa da sauƙi. Da yake yana kudu da layin Ikwaita, daminarsa takan yi ƙarfi daga Disamba zuwa Maris, lokacin da mu muke fama da hunturu da bazara. Tsakaninsa da Santos, tashar jiragen ruwa, kilomita 70 ne kawai, amma duwatsun Serra do Mar sun gitta kamar katanga. Kogin Tietê da ya ratsa birnin ya juya wa teku baya, ya nufi yamma har ya faɗa kogin Paraná. Saboda wahalar hanya garin ya daɗe bai bunƙasa ba. A 1872 mutanensa wajen 31,000 ne.

Kofi da jirgin ƙasa su suka sāke labari. A 1867 aka buɗe layin dogo da ya hau duwatsun daga Santos, sai kofi ya sami hanyar fita kasuwannin duniya. Da aka hana bauta a 1888, baƙi suka ƙara kwararowa neman aiki, musamman daga Italiya, sa'an nan daga Jafan tun 1908. Kuɗin kofi ya gina masana'antu da bankuna.

Sao Paulo hedkwatar jiha ce mai wannan suna, amma fadar gwamnatin tarayya tana Brasília tun 1960. Jama'a ke zaɓen magajin gari kowace shekara huɗu, tare da kansiloli 55, an kuma raba birnin yanki 32 domin sauƙin mulki. A Barazil jefa ƙuri'a tilas ne ga duk mai karatu daga shekara 18 zuwa 70.

Girman nan bai zo a banza ba. Unguwar talakawa ta Paraisópolis tana jingine da Morumbi, unguwar attajirai. Ƙazantar gidaje da ta masana'antu ta ɓata ruwan Tietê, yakan kuma yi ambaliya da damina. A 2014 da 2015 fari ya kusa ƙafar da madatsun Cantareira, har famfo ya riƙa ɗaukewa a unguwanni da dama. Saboda cunkoso, tun 1997 akan hana mota shiga tsakiyar birni safe da yamma, rana ɗaya a mako, bisa ga lambarta ta ƙarshe.

Ya ku ɗalibai, waɗansunku za su riƙe ragamar garuruwanmu nan gaba. Ku lura, birnin da ya tara dukiya haka ya rasa ruwan sha mai isa, alhali kogi yana ratsa tsakiyarsa. Tun gari yana ƙarami ake tsara masa magudanai, a kuma kiyaye rafinsa, gama da safe ake kama fara.