Gargaɗi ga mutanen bakin ruwa: kada a yi wa ƙabila kuɗin goro

Jama'ar Yauri, Ngaski da Shanga, wannan kira na gaggawa ne, kuma babu wanda aka tsame. Gungawa da Kambari, Dukkawa, Shangawa da Lopawa, Sarkawa, Fulani, Hausawa, har Nupawa da Yarbawan da ke kasuwanci a Yelwa, kowa ya saurara. Rani ya kama, ruwan tafkin Kainji zai yi ta ja da baya har shigowar damina, kuma wannan ne lokacin da husuma ta fi saurin tashi a tsakaninmu.

Dalilin a fili yake. Duk inda ruwa ya janye, ɗanyar ƙasa ke fitowa, kuma mutum uku ke da ido a kanta. Mai albasa yana son fangali, makiyayi yana son ɗanyar ciyawa da mashaya, masunci kuma yana son inda zai ɗaure jirgi ya shanya taru. Saniya ɗaya ta faɗa cikin albasa da dare, kafin hantsi maganar ta tashi daga kan saniyar ta koma "Fulani sun cinye mana gona". Wani ya sari ƙafar saniyar, kafin la'asar an ce "Kambari sun fara kashe mana dukiya". Ɓarnar da dagaci da arɗo za su kimanta a zama ɗaya, ita ce ake mayarwa faɗan ƙabila.

A da ana kashe irin wannan wuta tun tana ƙarama. Yanzu tsoro ya shiga zukata, kuma tsoron yana da tushe. Babu wanda ya manta ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. Ƙauyuka da dama a masarautar Yauri sun kwana a daji saboda hari. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba za a ce masa kada ya ji zafi ba. Amma zafin nan shi ke sa a kalli duk mai sanda da adda a matsayin ɗan bindiga, alhali kayan kiwo ne da aka gada kaka da kakanni, kuma su ma masu rugar ana sace musu shanu, ana kama 'ya'yansu don kuɗin fansa.

Wani abin ma rashin sanin halin juna ne kawai. Yaron Fulani da babba ya tsare shi da tambaya zai sunkuyar da kai ya yi shiru, don haka aka tarbiyyantar da shi, sai mai tambaya ya ce taurin kai ne ko rashin gaskiya. Bakambaren da ya tashi a tungar gona, Hausarsa ba ta nuna ba, a tare shi a shingen 'yan banga ya kama in'ina, sai wani daga baya ya ce "infoma ne". Wannan kalma ta ci rayuka a Arewa. Da zarar an furta ta a cikin taro, babu mai sauraron bayani kuma.

Mu dubi Zamfara, ba nisa. Da satar shanu da ɓarnar gona abin ya faro, aka kafa 'yan sa-kai, aka riƙa kama mutum a kasuwa saboda kamanninsa, ɗaya ɓangaren kuma ya shiga ramuwa a kan gari guda. Kisan 'Yar Galadima na watan Afrilu, 2014 yana cikin abin da hakan ya haifar, kuma har yau ba a ga ƙarshen masifar ba.

Masu cewa "mu ne 'yan ƙasa, su baƙi ne" su yi hattara da bakinsu. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa, an tayar da mutane fiye da 40,000, aka sake musu matsuguni a kan tudu. Gungawan da suka baro tsibiransu a gonakin wasu aka sauke su, kuma an karɓe su. Idan aka buɗe wannan lissafi na wa ya riga wa, gida nawa ne zai tsira?

Don haka, iyayenmu hakimai da dagatai, a zauna da arɗo-arɗo da sarakunan ruwa tun yanzu, a fitar da burtali da mashaya a kafa musu alama kafin shuka ta tashi, kuma kada a bar kowa ya nome su. Makiyaya, a daina tura ƙananan yara da garke da dare kusa da lambu; in an yi ɓarna a fito a biya. Manoma, a kai ƙara, kada a taɓa dabba. 'Yan banga, wanda kuka kama ku miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa, in ba ya jin Hausa a nemo mai jin harshensa kafin a yanke masa komai. Limamai da fastoci su faɗi wannan ranar Juma'a da Lahadi.

Ku kuma matasa masu waya a hannu, saƙon murya da ya zo muku ta WhatsApp yana cewa wata ƙabila za ta kawo hari ranar kasuwar Wara ko ta Yelwa, kada ku tura wa kowa. Ku kai wa mai unguwa ya saurara, shi kuma ya sanar da hakimi da jami'an tsaro a ranar, kada ya bari ya kwana.